Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar Auta

Alhamdulillahi. An sallame mu, mun dawo gida Unguwar Rogo. Jikina duk a mace yake, amma ba zan iya kwanciya ban yi godiya ba.

Masu kira suna tambayar ciwon da ke damun Auta, ku yi haƙuri da rashin ɗaukar waya. Ba daji ba ne, kuma ba tarin fuka ba ne kamar yadda aka fara zato. Da likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo suka yanki ɗan nama daga kaluluwar da ta fito masa a wuya suka kai ɗakin gwaji, sai suka ce ciwon Rosai-Dorfman ne, sunan likitoci biyu da suka yi bayaninsa a 1969. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke taruwa su cika kaluluwar wuya, ta kumbura hagu da dama ba tare da zafi ba, shi ya sa yaro yana ta wasansa mu kuwa hankalinmu a tashe. Ya fi kama yara da matasa, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma sau da yawa yakan lafa da kansa. Namu sai da aka yi aiki, don kumburin ya fara danne masa numfashi in ya kwanta.

Daren aikin nan ba zai bar raina ba. Ina zaune a bakin tiyata, sanyin Lamingo yana ratsa ƙashi, daga ni sai mayafi. Wata dattijuwa mai goge-goge ta ajiye bokitinta, ta cire rigar sanyinta ta yafa mini. Ta ce, "Maman yaro, kin ci abinci kuwa?" Na kasa amsawa. Ta je ta dawo da shayi mai zafi, ta zauna kusa da ni tana addu'a irin ta addininta, ni ina jan carbi, har aka turo shi. Lokacin tashinta ya wuce tuni. Mama, Allah Ya jiƙan mahaifanki, Ya raya miki zuri'a, Ya sa ki gama lafiya.

Yaya Babba, na san ba ka so a faɗa, amma babur ɗinka ka sayar. Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Matan adashinmu da suka bar mini ɗauka ba layina ba, malaman Islamiyyarsu Auta da suka sa yara addu'a, likitoci da nas-nas, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna, Ya suturta ku duniya da lahira.

Akwai 'yan uwa da suka hana 'ya'yansu shigowa gidanmu, wai kada su ɗauka. Akwai masu aiko saƙon kada a bari ƙarfe ya taɓa shi, amma ko sau ɗaya ba su leƙo asibiti ba. Na yafe, sai dai abin ya yi mini ciwo.

Za mu ci gaba da zuwa ganin likita, don an ce yana iya dawowa. Ku ci gaba da sa shi a addu'a, masu zuwa dubiya kuma ku bari sai bayan la'asar.