Yadda ake sa gitar lantarki ta yi kuka

Samari da yawa masu koyon gita a Yamai, da sun ji kukan nan mai tsawo a wurin biki, sai su ce ai aikin fedal ne, wato na'urar da ake takawa da ƙafa don sauya sautin gita, su shiga tara kuɗi. Fedal tana da ranarta, amma kukan daga yatsa yake farawa, wurin tura tsirkiya.

Ɗauki tsirkiya ta uku, wato Sol. Danna gaɓa ta 9 a wuyan gita ka kaɗa, ka riƙe sautin a kunne. Dawo gaɓa ta 7 ka danna da yatsa na uku, manuni da na tsakiya suna bayansa a kan tsirkiyar suna tallafa masa, babban yatsa kuma ya rataya a saman wuyan gita. Sai ka tura sama har sautin ya yi daidai da na gaɓa ta 9. Ƙarfin daga wuyan hannu zai fito. In ka tsaya ƙasa da wurin, ko da ƙiris ne, mai saurare zai ɗauka gitarka ce ba ta da saiti, kuma a nan mafi yawa suke faɗuwa. Da ka kai, dakata kamar daƙiƙa ɗaya, sannan ka girgiza: sassauta kaɗan, mayar, sassauta, mayar, ba tare da ka zarce sautin ba. Mai gaggawar girgizawa rawar sanyi kawai yake fitarwa.

Akwai kuma juyinsa. Ka tura tsirkiyar shiru tun kafin ka kaɗa, sannan ka kaɗa ka sake ta a hankali, sautin ya gangaro kamar shessheƙa. Siririyar tsirkiya, mai lambar kauri 009 ko 010, ta fi sauƙin turawa. 011 cin yatsa take ga sabon hannu.

Dabarar da na fi so ba ta bukatar ko dala. A gita irin Stratocaster, wadda Mdou Moctar ɗan jihar Tawa yake kaɗawa da hagu, maɓallin ƙara yana kusa da tsirkiya. Rufe shi, kaɗa, sannan ka buɗe da ƙaramin yatsa. Bugun farko ya ɓace ke nan, sautin ya taso a hankali kamar na goge.

Wajen kaya, zaɓi mikron da ke kusa da wuya (mikro shi ne abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin gita), ka rage maɓallin kaifin sauti zuwa 4 ko 5. Jerin haɗa kayan shi ne gita, fedal wawa (mai sa sauti ya yi "wa-wa"), distoshan (mai kaurara sauti), dile (mai maimaita sauti kamar amsa-kuwwa), sannan ampili (akwatin da ke ƙara ƙarfin sauti). Distoshan rabi ya isa, don in ya yi yawa girgizar yatsa nutsewa take. Dile a sa shi tsakanin milisakan 350 da 400, maimaici biyu ko uku.

Fedal wawa ta shiga kasuwa a 1967, Jimi Hendrix ya sa duniya ta san ta, kamfanin Dunlop kuma yana yin samfurin Cry Baby har yau. Diddige ƙasa sauti ya dushe, yatsun ƙafa ƙasa ya yi kaifi. Kada ka bi kiɗan ganga da ƙafa. Fara daga diddige, ka buɗe a hankali daidai lokacin da tsirkiya ke hawa.

In fedal ta fara ƙarar ƙas-ƙas, ƙurar hunturu ce ta shiga; a fesa maganin wanke lantarki, ban da man keke. Cire waya daga gefen shiga in ka gama, in ba haka ba batir mai bolt 9 zai ƙare tana ajiye. In gita na sauka daga saiti bayan turawa, ko dai sabuwar tsirkiya ce ba a ja ta ta miƙe ba, ko tana maƙalewa a tsagar saman wuya, sai a goga bakin fensir a tsagar. Ampilin da aka kawo daga Amurka kuwa, duba bayansa tukuna: in 120 aka rubuta, wutarmu 220 ce, sai da taransifoma.