Ranar da wayata ta kulle a gadar Nyanya

Ƙannena masu bautar ƙasa, da ku da kuka fara karɓar albashi, ku matso in ba ku labarin wautar da na tafka a Abuja a farkon 2023.

Alawus ɗin bautar ƙasa a lokacin naira 33,000 ne, wurin aikina kuma suna ɗan ƙara mini 10,000. A ɗakin yayana nake kwana a Mararraba, kullum in bi mota zuwa Wuse. Fuskar wayata ta tsage, amma tana kira, WhatsApp ma yana tafiya. Damuwata ɗaya ce: in abokai sun fito da nasu za a ɗauki hoto, ni ne mai tura tawa aljihu.

Wata Asabar na raka abokina shagon waya, wata budurwa ta tare ni da fara'a, ta ce ai ba sai na biya duka ba. Kuɗin hannu wayar 150,000 take. In na ajiye 45,000, sai in riƙa ba da 24,000 duk wata har wata shida. Suka karɓi BVN da NIN ɗina, suka ɗauki hotona, suka nemi lambobin mutum biyu. Na ba da ta Yaya da ta Kawu ba tare da na sanar da su ba. Takardar kuwa ko layi ɗaya ban karanta ba, hankalina na kan kwalin.

Ban tsaya na ninka 24,000 sau shida ba. Da na yi, da na ga 144,000, in aka haɗa da kafin alƙalami 189,000 ke nan. Wato na ɗora wa kaina ƙarin 39,000, fiye da alawus ɗin wata guda cur, don dai kada a raina ni.

Sai ga 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Naira 19,000 da ke rage mini ita ce mota, ita ce abinci, ita ce data, ga sabuwar waya da cin data kamar gara.

A wata na huɗu na makara. Muna cikin cunkoson gadar Nyanya na ciro wayar, na tarar ta kulle, babu komai a fuskarta sai adadin da ake bina. Ashe tun ranar farko akwai manhajar kullewa a cikinta. Kafin magariba sun kira Kawu. Da na kira shi da wayar Yaya, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi: “Ashe bashi ka je ci a Abuja?” Wallahi da ma duka ya yi mini.

Na yi niyyar sayar da ita in huta, amma wa zai sayi kullalliyar waya? Mai gyaran da na kai wa ya ce sai dai ya yi mini kuɗin kayan cikinta.

To, duk wanda aka yi wa irin wannan tayi, ya tambayi jimillar da zai biya, da tarar makara, a rubuta masa. Ya fara cire mota da abinci da abin da yake aika wa gida, ya ga ko ragowar za ta ɗauka, ko da alawus ya yi jinkiri. Kada 77,000 ɗin da ake ba ku yanzu ta ruɗe ku, kuɗin kira da data ma an ƙara musu kashi 50 cikin ɗari a 2025. Ni dai da zan koma, adashi zan shiga in sayi ta hannu. Kuma kada ka ba da lambar babba sai da izininsa.

Yaya ne ya biya mini wata biyu, ban gama mayar masa ba sai bayan na kammala bautar ƙasa. A makonnin da sabuwar ke kulle kuwa, tsohuwar mai tsagaggiyar fuska na lalubo daga ƙarƙashin katifa na mayar mata da layina.