Guzurin da kwamfuta ke tashi da shi

Shagona yana kusa da babbar kasuwar Maradi. Kwamfutoci na hannu muke saye, yawanci daga Kano, mu wanke su, mu sa musu Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mu sayar wa makarantu da masu shagon buga takardu. Kowace da irin kayan cikinta, kuma nan wahalar aikin take.

Kafin kanel, wato zuciyar Linux, ya kai ga faifan ajiya, sai an ba shi ɗan ƙunshi mai suna initramfs. Ni guzuri nake ce wa yarana. A ciki ake zuba direbobin da zai buƙata don ya ga faifan, wato ƙananan manhajojin da ke sa kanel ya gane kayan cikin kwamfuta. Kowane kanel da nasa direbobin, a jakar /lib/modules mai ɗauke da lambarsa, kuma ba ya karɓar na wani. Wani lokaci ma sunan direba ke canjawa, ko a raba shi biyu.

Wannan ya taɓa cina. A 2013 kanel 3.8 ya cire ehci-pci daga cikin ehci-hcd, direban USB. Ni kuwa da hannu na rubuta jerin direbobin kile ɗin USB da nake tada kwamfuta da shi in yi gyara, don ƙunshin ya yi sauƙi. Na sabunta kanel ɗin, ban ƙara ehci-pci a jerin ba, na je wata makaranta, na soka kile. Baƙin allo, sai (initramfs) da ɗan layi yana ƙyaftawa, allon rubutun USB ma ya ƙi motsi. Shugaban makarantar na tsaye a kaina, ya ce, "Malam, lafiya dai?" Gumi ya jiƙa mini riga.

Tun ranar na bar jerin hannu. A Debian, irin Linux ɗin da muke sawa, muna barin MODULES=most, wato a zuba yawancin direbobi, ƙunshin ya yi nauyi, amma ya tashi a faifai irin tsohuwar SATA da sabuwar NVMe duka. Direbobin waje, irin na wasu katunan wifi, manhajar DKMS ke sake gina su don sabon kanel, kuma sai na karanta da idona cewa ya gama. Ba ma taɓa update-initramfs, umarnin da ke sake haɗa ƙunshin, sai na'ura na kan batir, don wuta takan ɗauke ana tsakar rubutu.

Tsohon kanel kuwa ba mai goge shi. Ran nan yarona ya ce, "Maigida, /boot ya cika, in share na da?" Jakar /boot ce ke ɗauke da kanel da guzurinsa. Na ce ya fara tada sabon a kan kwamfutoci iri uku da ke kan tebur, sau biyu biyu. Ta uku ta ƙi. Muka shiga GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa in an kunna kwamfuta, muka zaɓi tsohon, ta tashi, muka zauna neman direban da ya ɓace har la'asar.