Kada ka sayar da gona saboda rami

Ɗan ƙanena ya zo mini da takardar gonar da ubansa ya bari, wai in sa hannu a matsayin shaida, sayarwa zai yi. Kuɗin zai kai Maiganga, can ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe inda ake haƙar kwal, ya gina shago da ɗakunan haya saboda leburori da direbobin tifa. Ina magana yana latsa waya, daga ƙarshe ya ce, "Baffa, wancan zamaninku ne." Ban sa hannu ba. Tunda shi kunnensa na ƙashi ne, bari in rubuta ko wani ya amfana.

A Inugu aka haife ni. Fataucin shanu ya kai mahaifinmu, kamar yadda ya kai Hausawa da Fulani da yawa, har ɗaya daga cikinsu, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Shi kuwa garin, kwal ne ya kafa shi. A 1909 Turawa suka gano shi a yankin Udi, aka fara haƙa a 1915, shekara ta zagayo layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal. Coal Camp da Iva Valley duk barikin ma'aikata ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya gidaje da yawa, kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya dafa. Idan an tashi aiki sai ka ga mutane suna fitowa baƙi ƙirin, fitila a goshin hular kwano, ba ka gane mutum sai ya yi dariya. Mutanen Ngwo da Udi suna da ƙungiyoyin garuruwansu, in aka yi rasuwa a haɗa kuɗi a kai gawa gida. Su aiko mana da shinkafa ranar Kirsimeti, mu aika musu da cinyar rago da Babbar Sallah. Tsofaffinsu kuma ba sa gajiya da labarin ranar 18 ga Nuwamba 1949, da 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa masu yajin aiki wuta a Iva Valley, mutum 21 suka mutu.

Rikicin 1966 ya koro mu Arewa. Bayan yaƙin basasa ya ƙare na koma ina saurayi, na buɗe ɗan teburi: garin rogo, kifin gwangwani, kananzir, da sabulu. Sabulu fa! Wanda ya wuni cikin rami ba ya ciniki a kan sabulu. Ina da littafin bashi, kowane lebura da shafinsa, ranar albashi a zo a goge. Ciniki ya yi daɗi, sai idona ya rufe. Na hau mota zuwa gida na sayar da fadamar da na gada, wadda ake noma rani da damina, na dawo na kama babban shago na cika shi har rufi. Mahaifiyarmu ta ce, "Ɗan nan, ƙasa ba ta ƙarewa, rami yana ƙarewa." Na ce da ita Inna ba ki san birni ba.

In za a yi mini adalci, ba hauka na yi ba. A shekarun 1970 an kawo injuna daga ƙasar Poland za a farfaɗo da haƙar, ana ta maganar masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da ake sa ran za ta riƙa sayen kwal, 'yan boko masu ɗaure wuya ma sun yarda. Ni wa, da ko firamare ban ƙare ba? Amma kuma gaskiya ɗaya ce, alamun suna gabana. A ƙarshen shekarun 1950 ana fitar da kusan tan dubu 900 a shekara, daga nan ƙasa aka riƙa yi. An sami fetur a Oloibiri tun 1956. Jiragen ƙasa, manyan masu cin kwal, sun koma shan dizal. Madatsar Kainji ta fara ba da lantarki. Ramuka sun sha ruwa lokacin yaƙi. Ina jin duk wannan a bakin abokan cinikina, sai dai mai littafin bashi cike ba ya son jin irin wannan hira.

Aka fara rage ma'aikata, albashi ya fara jinkiri. Shafuka suka daina gogewa. Kuma ban iya hana su ba, wannan ma laifina ne, ko kuwa ba laifi ba ne, har yau ban yanke ba. Mutumin da ya ɗauki gawar ɗanka zuwa maƙabarta, ta yaya za ka hana shi mudun gari? Kafin farkon shekarun 2000 da haƙar ta tsaya gaba ɗaya, ni na daɗe da karyewa. Na dawo gida ina aron gona a gefen wadda na sayar.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, ku matasa, amma na san ku, ba za ku karanta ba. Kada ka sayar da gona don ka zauna a bakin ramin wani. Kafin ka zuba jari a garin ma'adini, tambayi wa ke sayen abin da ake haƙowa; in mai saye ɗaya ne, ran da ya juya baya garin ya mutu. Bashi kuwa, kada ka ba mai jiran albashi fiye da abin da za ka iya yafewa.

Ban ce ku zauna a gida ba, don zaman majalisa da jiran kuɗin intanet ya fi abin da na yi muni. Ku je. Coal Camp ma ba ta mutu ba, yau kasuwar kayan gyaran mota ce, waɗanda suka daure suka sauya sana'a sun yi arziki, ni ne na gudu da wuri. To ku je ɗin, amma da kuɗin guminku, ɗakin haya, kaya daidai abin da mota ɗaya za ta kwashe. Gonar kuwa a ba da ita haya, ko a ba wani ya noma a raba amfani, takardar ta zauna a akwatin uwarka.