Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ciwon da Baffa Ya Ce Na Mata Ne

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Goggo Ƙarama, Allah Ya jiƙanta. Ita ce ta biyu a ƙannen Baba da sankarar mama ta ɗauke, ko shekara 45 ba ta cika ba. Kafin su akwai Kaka, wadda aka ce cikinta ya yi ta kumbura har ta cika. Yau da na san abin da na sani, sankarar ƙwan mahaifa nake zargi.

Bayan rasuwar na samu Baffa na ce, "Baffa, ba kwa ganin abin nan yana bin gidanmu?" Ya ce, "Ke kwantar da hankalinki. Ciwon mata ne, ba ya bi ta namiji. Ke ta wajen uba kika haɗu da su." Maganar nan ta zauna mini a rai shekara da shekaru, kuma da ita aka rufe bakin duk wadda ta sake tambaya.

Aure ya zo, haihuwa ta zo, ba zan tsaya a kansu ba. Sai da 'yar Baffan ta cikinsa ta ji ƙullutu a mamanta tana da shekara 36, likitarta ta zana sunayen dangi a takarda, ta ce a yi gwajin ƙwayoyin halitta. Jini kaɗan aka ɗiba. Sakamako ya nuna tana da tangarɗa a ƙwayar halittar gado da ake kira BRCA1. Daga wa ta gada? Daga mahaifinta, mai cewa ba ya bi ta namiji.

Ba ina ƙullace da shi don bai sani ba. Lokacin da Kaka ta rasu likitoci ma ba su sani ba. Sai a 1990 wata masaniya a Amurka, Mary-Claire King, ta nuna cewa ƙwayar tana kan kuromosom na 17 (kuromosom su ne zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikinmu), bayan ta yi shekaru tana bin iyalan da ciwon ya addaba. A 1994 aka tantance ƙwayar kanta, a 1995 aka gano 'yar'uwarta BRCA2. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, da takarda ta fito, Baffa cewa ya yi a ɓoye, kada a ce gidansa gidan ciwo ne. A ɓoye wa wa? Mu da jini ɗaya ke gudana a jikinmu?

Ni dai na je gwajin. Mai ba da shawara kan cututtukan gado ta zaunar da ni tun kafin a taɓa hannuna. Ta ce, "Malama, duk ɗan da mai wannan tangarɗa ya haifa, mace ko namiji, yiwuwar ya gada rabi da rabi ce. Gadon tangarɗar kuma ba shi ne kamuwa da ciwon ba." Ta ce yawancin sankara ba ta gado ba ce, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai, amma macen da ke da tangarɗar BRCA1 haɗarin sankarar mama a tsawon rayuwarta yana iya kaiwa wajen kashi 70, na ƙwan mahaifa wajen kashi 40. Maza ma ba su tsira ba, akwai sankarar furostet (wata gaɓa ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara), har da ta mama.

Nawa sakamakon ya nuna ina da ita. Na yi kuka, na kuma gode wa Allah da na sani da ƙafata. Aka sa ni a tsarin hoton MRI (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki) da hoton mama duk shekara, kuma da yake na gama haihuwa, na yarda aka cire mini ƙwan mahaifa da bututunsu. Wannan shawara ni na yanke ta, har gobe ina alfahari da ita. Da Goggo Ƙarama ta samu irin wannan dama... ciwon mata ne, in ji Baffa.

Na kuma sa hannu aka shigar da samfurin jinina cikin bincike. Dalilina, an gaya mini yawancin bayanan da ake auna sakamako da su daga Turawa aka tattara, shi ya sa 'yan asalin Afirka suka fi samun amsar da ba a san fassararta ba, ba a ce akwai haɗari ba, ba a ce babu ba. Ba na so jikokina su riƙe irin wannan takarda.

Babbar 'yata ta yi nata gwajin da ta girma ta zaɓa da kanta, ba ta gada ba. Saura 'ya'yan Baffa maza, waɗanda kowannensu ke da 'ya'ya mata. Yadda na tunkari babbansu ba da sanin mahaifinsa ba, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.