Ranar da na kai ɗalibaina marinar Ƙofar Mata

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da kemistiri a wata sakandaren gwamnati a cikin birnin Kano. Duk shekara idan yara suka gama JSS3 suka shigo SS1, sai a raba su gida biyu. Masu maki mai kyau a lissafi a tura su ajin kimiyya, sauran a tattara su a ce musu 'yan art. Da wuya a tambayi yaro abin da ransa ke so. Ni ma haka aka yi mini. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya ce ɗansa ko likita ko injiniya, na ajiye son da nake yi wa tarihi na rungumi lissafi. Na tashi ina yi wa 'yan art kallon waɗanda suka rasa madafa, kuma da wannan kallon na shiga aikin malanta.

Akwai darasin da kullum ke ba ɗalibaina wahala, wato yadda sinadari ke haɗuwa da iskar oksijin da yadda yake rabuwa da ita. Haddacewa suke yi saboda jarrabawar WAEC, su zubar a takarda, su manta. Sai na yanke shawarar kai 'yan SS2 marinar Ƙofar Mata su gani da ido. Malamar Hausa ta ji labari, ta same ni a ofishin malamai ta ce, "Malam, a tafi da nawa mana." Na ce mata mota ba za ta ɗauke mu ba. Maganar gaskiya, ban ga abin da 'yan art za su tsinta a wurin ba. Ta kafe, shugaban makaranta ya goyi bayanta, muka tafi da yara ashirin daga kowane aji.

Marinar nan tsohuwa ce ƙwarai, ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Wani dattijo ya karɓe mu, hannuwansa sun rine har wuyan hannu, faratansa baƙi wuluk. Ya nuna mana abin da ake zubawa a rijiya: baba, toka, kanwa da ruwa, a bar su kwanaki har su nuna. Ya tsoma farin ƙyalle a hankali, ya juya shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago. Ƙyallen ya fito kore-kore, ba shuɗi ba. Ya ware shi a iska, muna tsaye muna kallo launin ya riƙa juyawa har ya zama shuɗi. Wani ɗalibina ya ce da ƙarfi, "Malam, oksijin ne!" Abin da na yi wata guda ina rubutawa a allo ya shiga kansa cikin minti ɗaya. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ƙananan ƙwayoyin halitta da ke cikin rijiyar ne ke sauya shi ya narke ya shiga zare, iska kuma ta mayar da shi yadda yake, ya maƙale a ciki.

A nawa lissafin an gama. Sai wata yarinya 'yar ajin art, da littafinta a hannu, ta ce, "Alhaji, yaya kake gane ruwan ya nuna?" Dattijon ya gyara tsayuwa. Ya ce yana duba kumfar da ke sama, ya shinshina, wani lokaci ya ɗanɗana da bakin harshe. Ya ce ruwan baba rai ne da shi, yana jin sanyi kamar mutum, yana gajiya idan an matsa masa da aiki. Ita tana ta rubutawa kalma da kalma, ni kuwa na ɗauki zancen a matsayin salon maganar tsofaffi.

Wani yaron ajinsu ya tambayi dalilin da ya sa rijiyoyi da yawa suka bushe aka cike su da shara. Nan hira ta yi daɗi. Malamar ta ba su labarin turkuɗin garin Kura da Buzaye ke saye su yi rawani, da yadda Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851 ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan kasuwancin garin. Ni kuma na tuna musu cewa wani Bajamushen ne, Adolf von Baeyer, ya gano yadda ake haɗa shuni a ɗakin gwaji, kuma kamfanin BASF ya fara sayar da shi a 1897. Na san wannan tun ina jami'a, amma ban taɓa haɗa shi da busassun rijiyoyin da ke gabana ba sai da yaron nan ya yi tambaya. Atamfofin waje masu araha da rinin kanti ba su bar wa marina kasuwa ba.

Da muka dawo na ce sai mun haɗa namu. Muka sayi baba da kanwa, muka samo toka, na auna komai a sikeli, muka zuba a durom ɗin roba a ɗakin gwaji. Lokacin hunturu ne, watan Janairu. Kwana goma ruwa bai motsa ba. Duk ƙyallen da muka tsoma sai ya fito da dusa-dusan shuɗi, wanki ɗaya ya tafi. Na ƙara kanwa, abin ya ƙara lalacewa. Raina ya ɓaci sosai, don na yi wa yara alkawari.

Yarinyar nan ce ta zo bakin ƙofar ɗakin gwajin, inda 'yan ajinsu ba sa shiga, ta miƙo mini littafinta. Ta ja layi a ƙarƙashin jimla biyu: cewa ruwan yana jin sanyi, da cewa idan sabuwar rijiya ta ƙi tashi akan ɗebo mata ruwan tsohuwa. Na tsaya ina kallon rubutun. Na ɗora durom a kan siminti mai sanyi cikin hunturu, alhali rijiyar marina a cikin ƙasa take, tana riƙe ɗumi. Ƙwayoyin da ke aikin ba sa kuzari a sanyi, kuma ban ba su iri ba. Dattijon ya faɗi duk wannan a gabana, kunnena ne bai saba jin ilimi da irin wannan harshe ba.

Na koma Ƙofar Mata da galan, na gaishe shi na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce, "Malam, ai da ka tambaya." Ya cika mini galan ɗin. Muka sake haɗi a watan Maris da zafi ya shigo, muka binne rabin durom ɗin a bayan aji. Kumfa ta taso, ƙyalle ya fito kore ya koma shuɗi a hannun yara arba'in.

Daga wannan shekarar, darasin nan tare muke yin sa da malamar Hausa, azuzuwan biyu a haɗe. Yarinyar ta nemi a bar ta ta ɗauki kemistiri tare da adabi, aka ce jadawalin darussa bai ba da dama ba, don lokaci ɗaya ake yin su. Na je wurin shugaban makaranta sau biyu a kan maganar, ba a samu yadda za a yi ba. Duk ranar Alhamis bayan an tashi, takan zo ɗakin gwaji da ƙawayenta uku mu yi awa ɗaya, har ta gama makarantar.