Yau laftof ɗina ta suma

Laraba, Garwa, arewacin Kamaru.

Tun ƙarfe tara rana ta fara nuna halinta. Afrilun Garwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, zafi ya haura digiri 40, kogin Binuwai ya janye ya bar yashi fili. Na buɗe shago, na kakkaɓe ƙura, na ɗora laftof kan murafun kwalba huɗu kamar kullum don iska ta samu shiga ta ƙasa. Shekararta bakwai a hannuna, kuma ni ma kwance na saye ta. Fankarta in ta ɗauki kuka sai ka ce injin markaɗe.

Sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta. Wata Hajiya da 'yarta na zaune a benci suna jira in buga wa yarinyar takardar neman shiga konkur, wato jarrabawar gasa, gobe ake rufe karɓar dosiye, wato takardun masu nema. Ina layi na uku allo ya yi ɗif.

"Malam, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau Hajiya, suma ta yi, za ta farfaɗo."

Ita ta yi dariya, 'yar kuwa ko murmushi.

Ana haka sai ga ɗan yayata, wanda ke karatun kwamfuta a jami'ar Ngaundere, ya zo gida kwana biyu. Ya zaro tabilet daga jaka, da 'yar murfinta mai maɓallan rubutu, ya ce, "Kawu, gwada wannan." Tun asuba yake amfani da ita amma cajinta bai kai rabi da sauka ba. Na juya bayanta na shafa. Babu ramin iska, babu fanka, ɗuminta bai fi na kofin shayin da ya huce ba. Gani ya kori ji.

Rubutun ne ya ba ni kunya. Yatsuna sun saba da jerin maɓallan Faransanci, ita kuma nata na Turancin Ingilishi ne, duk inda na nufi A sai Q ta fito. Sabo turken wawa. Haka na yi ta dangwale da yatsa biyu kamar ɗan koyo har na gama.

Wuta ta dawo wajen ƙarfe biyu, a nan rigima ta tashi. Firintata tsohuwa ce mai igiya, muka jona ta, tabilet ta yi kamar ba ta taɓa ganinta ba. Sai da ya turo min takardar ta WhatsApp, na buɗe a laftof ɗin da ta farfaɗo, na gyara gefen da ya karkace, sannan ta fito. Hajiya ta biya, ta sa albarka, suka tafi.

Muna cin shinkafa da kifi ya dage shi dai zamanin laftof ya wuce. Na bar shi ya zuba, don yaron ya san abinsa. Ya ce ƙwaƙwalwar da ke cikin kusan kowace waya da tabilet zanen wani kamfani ne na Ingila mai suna ARM, a garin Kambirij. Su ba sa ƙera komai, zanen suke sayarwa, kuma tsari ne mai tsimin wuta, shi ya sa masu waya suka rungume shi. Kwamfutocin ofis kuwa sun taso ne a kan tsarin Intel, wanda asalinsa ya koma 1978. An daɗe ana ganin na waya ƙaramin alhaki ne, sai a 2020 Apple ya sa ƙwaƙwalwarsa ta M1, mai tsarin ARM ɗin nan na waya, a laftof, har ƙaramar cikinsu ta fito babu fanka sam. A 2021 aka sa wannan M1 ɗin a iPad, tabilet ɗin Apple. A 2024 ma sabuwarta M4 a iPad ta fara bayyana kafin ta shiga laftof, kuma a shekarar ne laftof masu Windows suka fito da Snapdragon X ta kamfanin Qualcomm, ita ma mai tsarin ARM. Ya ƙara da cewa na Apple ɗin duk kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera su.

Na ce masa, "To ai kai da bakinka ka kayar da kanka. Laftof ba ta mutu ba, zuciyar tabilet aka dasa mata." Ya yi shiru yana cire ƙaya.

Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Ya ce sirrin saurin da rashin zafin shi ne an cusa komai wuri guda, mai lissafi da mai zana hoto da ma'ajiyar aiki duk a manne. To bara da tawa ta fara nauyi, kasuwa na kai ta, mai gyara ya kwance ƙusa biyu ya ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar aikin, ina tsaye a kansa. Waɗannan sababbin yadda ka saye su haka za ku tsufa tare. Bature mai canza na'ura duk bayan 'yan shekaru bai damu ba. Mu da kaya ke iso mana bayan sun gama yawo a hannun wasu, wa zai buɗe mana su? Duk da haka ba zan ɓoye ba, na'urar da za ta wuni ba caji ba kuka, kuma ƙaramin faifan sola ya ishe ta, kamar don Garwa aka yi ta.

Bayan la'asar na buga katin biki guda biyu da wata wasiƙar haya. Da zai tafi na ce in ya koma Ngaundere ya tambayo min kuɗin marar fankar nan, ta kwance, amma mai maɓallan Faransanci. Ya ce, "Kawu, ashe ka sauko." Na ce tambaya kawai na yi.

Gobe da sassafe zan kai tsohuwar a hure mata ƙura. Murfin kwalba ɗaya ma ya ɓata, da kwalin ashana na tokare ta.